Babi na Shida: Abin da Kwalbar Baya Ta Bari

Takardar sakamakon gwajin ruwa ba ta da yawan magana. Sunan rijiya ko lambar kwalba a sama, jerin sinadarai a hagu, alƙaluma a dama, sa hannu da hatimi a ƙasa. Wanda ya karɓe ta yakan ɗauka duk adadin da ke ciki daga ruwansa ya fito. Alhali ruwan nasa ba shi kaɗai ya ratsa na'urar ba a ranar. Layi ya bi. Akwai kwalbar da ta riga shi, akwai wadda ta biyo shi, kuma duka allura ɗaya ce ta zuƙe su, siririn tiyo ɗaya suka bi, a wuri ɗaya aka auna su.

Duk matar da ta taɓa aika markaɗen gero inji bayan an markaɗa kayan miya ta san zancen. Mai inji zai watsa ruwa moɗa ɗaya ya ce ya wanke, amma kokon safe sai ya zo da yajin attaruhu. Ita dai ta yi sa'a, don harshe na gane yaji a koko nan take, har ya faɗi daga ina ya fito. Na'urar gwaji ba ta da wannan wayon. Abin da ya iso gabanta shi take ƙirgawa, ta rubuta shi da sunan kwalbar da ke kan layi a lokacin, ko nata ne ko na maƙwabciyarta.

Wannan ragowa da samfur ke bar wa na bayansa, a ganina, ta fi lalacewar na'ura haɗari. Na'urar da ta lalace takan tsaya cik, ko ta fitar da shirmen da ko ɗalibin da ya zo koyon aiki zai gane. Ragowa kuwa adadi take bayarwa mai kama da gaskiya, bai yi yawan da za a yi shakka ba, bai yi ƙanƙantar da za a kau da kai ba. Sai a sa hannu, a buga hatimi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda ta fara fitowa a 2007, a nan ita ma ta tsaya. Wato giram 10 kacal a lita miliyan ɗaya. To a ɗauka an kawo ruwan wani kududdufi da ake wanke garin duwatsun zinare a ciki, dalmar da ke cikinsa ta kai miligiram 50 a lita, maikirogiram 50,000 ke nan. Na'ura ta auna shi, ta ɗauraye kanta, ta yi ƙoƙari har kashi ɗaya cikin dubu kaɗai ya saura. A kowane irin aiki wannan wanki ne da ya cancanci yabo. Sai dai kashi ɗaya cikin dubu na 50,000 shi ne 50. Idan kwalbar da ke biye ruwan burtsatse ce mai kyau, wadda babu komai a cikinta, takarda za ta ce dalmarta ta ninka iyaka sau biyar.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan misali ne na cikin littafi kawai. A 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, an sami gidajen da dalmar da ke cikin ƙasarsu ta haura kashi 100,000 cikin miliyan. Yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A Kano, masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da sinadarin kuromiyom suke jeme fata, kuma iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita. Na'urorin da ke iya auna ƙarafa a wannan mataki ba su da yawa a ƙasashenmu, saboda haka duk wuri ɗaya ake dosa: ɗalibin da ke bincike a kan ruwan masana'anta, ɗan kwangilar da ya haƙa burtsatse, mai fiyawata da ke neman rajistar NAFDAC. Ruwan da ya fi kowane dauɗa da wanda ya fi kowane tsabta sukan kwana a tire ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Ruwan da ba shi da komai

Makamin farko na mai gwaji shi ne mafi arha a ɗakin: ruwa zalla wanda aka tace har babu komai a cikinsa, wanda masu aikin ke kira bulank. Ana saka shi a layi kamar kowane samfur, a bi da shi duk inda samfur ke bi. Tunda an san babu komai a cikinsa, duk abin da na'ura ta ce ta gani, daga wani wuri ya zo.

Amma bulank ɗaya ba ya faɗin labari duka, kuma a nan mutane da yawa ke yin gajen haƙuri. Sai a saka ɗaya, a ga ya nuna wani abu, a ce na'ura ta yi datti, a hau kwance ta. Jerin bulank ake so. A fara da ɗaya kafin komai, don a san yadda na'urar ta wayi gari. A saka samfur mai ƙarfi sau uku a jere, sannan a bi shi da bulank uku ko fiye, ba tare da an taɓa komai ba. Yanayin saukar alƙaluman shi ne abin karantawa.

A ɗauka mai ƙarfin ya nuna 1,000, bulank ɗin suka nuna 6, sai 1.5, sai 1. A cire na ƙarshe daga na farko, saura 5. A raba 5 da kusan 1,000, an sami rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ragowar wannan na'ura ke nan a wannan sinadari da wannan tsawon ɗauraya, kuma adadi ne da ya kamata kowane ɗakin gwaji ya sani game da na'urarsa, ya rubuta ya ajiye. Da shi ne za a san wane samfur ne ya yi ƙarfin da na bayansa ya zama abin zargi.

Idan alƙaluman sun faɗi da sauri irin haka, yawanci wani lungu ne ke riƙe ɗan ruwan baya, sabon ruwa na zuwa yana kore shi. Idan kuwa suna sauka a hankali, 6, 5, 4.5, 4, ana ta jira ba su kai ƙasa ba, to sinadarin manne yake da bangon tiyo ko gilashi yana saki kaɗan-kaɗan, kuma ƙarin ruwa ba zai yi maganinsa ba sai an canza abin wankin. Akwai kuma lokacin da ba sa sauka sam, 4, 4, 4, har bulank ɗin da aka saka tun farko shi ma 4 ya nuna. Wannan ba ragowa ba ce ko kaɗan. Ko dai ruwan bulank ɗin ne da kansa ya gurɓace, ko asid ɗin da aka zuba masa, ko kwalbar da aka ajiye shi. Mutum na iya kwana uku yana wanke na'ura alhali matsalar na cikin jarkar da yake ɗibar ruwan wankin. Abu na huɗu shi ne wanda ya fi ɓata rai: alƙaluma su sauka lafiya, can sai ɗaya ya yi tsalle ya dawo. Sau da yawa wani ɗigo ne da ya maƙale a bango ya faɗo a lokacin da ya ga dama, ko kuma cikin ƙananan kwalaben akwai wadda ba ta wanku ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, a cikin hanyar gwajinta mai lamba 200.8 ta auna ƙarafa a ruwa, ta ba da wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Na'urar takan karanta kowane samfur aƙalla sau uku ta fitar da matsakaici. To a riƙa duba ukun nan ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya kan matsakaicin. Idan na farko ya fi na biyu, na biyu ya fi na uku, a waiwaya a dubi samfurin da ya gabata. Ruwan da ke cikin kwalba ba ya canzawa cikin daƙiƙa talatin. Idan adadinsa na sauka a gaban idonka, wani abu ne ke ƙarewa a cikin tiyo.

Bin sawu

In an tabbatar ragowa ce, saura a gano maɓoyarta. Mu bi samfur ta cikin na'urar ICP, wadda ake auna ƙarafa da ita. Hannun na'ura zai ɗauko allura ya tsoma a kwalba. Wani ɗan famfo mai juyawa yana tausa tiyon roba, ruwa na hawa. Daga nan sai kan feshi, inda iskar argon ke mai da shi hazo. Hazon ya shiga wani ɗan tulun gilashi, manyan ɗigo su daki bango su gangara magudana, ƙananan su wuce cikin wutar argon mai zafin dubban digiri. Abin da ke kaiwa ga wutar bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Sauran duk a bangon tulun yake ƙarewa, kuma ta wannan jiƙaƙƙen bango samfur na gaba zai wuce.

Ƙa'idar bin sawu ɗaya ce: a canza abu ɗaya, a sake gwadawa. Wanda ya canza tiyo, ya wanke tulu, ya sauya allura duk a zama ɗaya, wataƙila matsalar ta tafi, amma bai san wanne ne mai laifin ba, kuma in ta dawo wata mai zuwa daga farko zai fara. Hanya mafi sauri ita ce a raba tafiyar biyu. A cire tiyo daga hannun na'ura, a tsoma shi da hannu cikin sabon bulank. In adadi ya faɗi, matsalar na can baya, wajen allura da kofin ɗaurayarta. In bai faɗi ba, tana gaba.

A tsaya a kalli allurar nan da kyau lokacin da take fita daga kwalba. Cikinta ake wankewa da ruwan da famfo ke ja, amma tana da baya. Sau da yawa za a ga ɗan ɗigo a rataye a bakinta, yana sheƙi, tana tafiya da shi a sama. Za ta tsoma a kofin ɗauraya, ta fito, ta nufi kwalba ta gaba. Idan ruwan kofin mai gudu ne, sabo na shiga ta ƙasa tsoho na fita ta sama, to madalla. Idan kuwa kofi ne da aka cika tun safe aka bari, to da azahar ya zama haɗin gambizar duk samfuran da aka auna, kuma allurar wanka take yi da ruwan dauɗa kafin ta shiga kowace kwalba.

Wannan irin ragowar ta fi sauran sharri, domin ba a tiyo ta tsaya ba, ta shiga cikin kwalbar samfurin kanta. Mai gwaji zai ga adadin bai kwanta masa ba, ya ce bari ya maimaita, ya wanke komai tas, ya sake auna wannan kwalba ɗin dai, ya sami adadi iri ɗaya, hankalinsa ya kwanta. Bai san kuskuren da ya riga ya zauna a kwalbar ya sake aunawa ba. In za a maimaita, a koma babbar kwalbar da aka zo da ita daga rijiya, a zuba sabo a sabon mazubi.

Tiyon famfo ma yakan tsufa. Tausar yau da gobe na baje shi, cikinsa ya yi kaushi, kaushin ya riƙa kama abubuwa. Duk inda aka haɗa tiyo biyu ba su zauna daidai ba, akwai ɗan lungu da ruwa ke fakewa. A na'urorin da ke rarrabe sinadarai ta cikin dogon bututun da ake kira kolum kuwa, babban abin zargi shi ne bawul ɗin da ke juyawa ya tura samfur. A cikinsa akwai ɗan faifai, in ƙwayar yashi ta karce shi, wannan layin karcewar da ido da ƙyar yake gani ya ishi samfur wurin ɓuya. Masu irin wannan na'ura suna da wasu gwaje-gwaje biyu masu sauƙi. Su sa ta yi zagaye guda ba tare da an tura komai ba: in alamar sinadarin ta fito duk da haka, ba allura ba ce, kolum ne ko ruwan da ke tura samfurin. Ko kuma su ninka yawan bulank ɗin da ake turawa: in alamar ta ninka, da alama bulank ɗin ne ke da datti.

Sai kuma matsalar da littattafan kamfanonin da ke ƙera na'urorin ba sa ɓata lokaci a kanta, don ba su san ta ba: ɗauke wuta. In wuta ta tafi ana tsakiyar aiki, famfo ya tsaya, ruwan da ke kan feshi da tiyo ya zauna inda yake. Kafin a tayar da janareta, a sake kunna komai, ya fara bushewa, ya bar gishirinsa a bakin kan feshi. Idan samfur mai ƙarfi ne ke ciki a lokacin, abin da ya bushe ba zai fita da ɗaurayar minti ɗaya ba. Duk aikin da wuta ta katse, sabon aiki ne: wanki mai tsawo, sabon bulank, sannan a sake daidaita na'ura. Ci gaba daga kwalbar da aka tsaya, kamar ba abin da ya faru, ganganci ne.

Kowa da halinsa

Ruwa zalla ba ya wanke ƙarfe daga bangon tiyo. Shi ya sa ruwan ɗauraya na yau da kullum yake ɗauke da asid na naitirik, kashi 2 cikin ɗari. Yawancin ƙarafa wannan ya ishe su. Akwai 'yan kaɗan masu taurin kai.

Zaiba ce shugabarsu. Tana manne wa roba, tana kuma rikiɗewa ta zama tururi ta zauna a tulun feshi, sai ta yi ta fitowa a samfuran da ke biye. Maganinta zinare ne. Hanyar gwaji ta 200.8 ta ce a zuba narkakken zinare, maikirogiram 100 a lita, cikin ruwan ɗauraya, domin yana riƙe zaibar a narke har ta fice. Ko da hakan, zaiba maikirogiram 5 a lita na bukatar wajen minti biyu kafin ta wanku, abin da ya fi haka kuma sai an ƙara lokaci. Abin ya ɗan ba ni dariya da na tuna masu haƙar zinare da zaiba suke kama zinare, ga masu gwaji kuma da zinare suke kama zaiba. Kuma ba wasa ba ne, duk ruwan da ya fito daga wurin haƙar zinare a ɗauka yana iya zuwa da ita.

Boron shi ma tururi yake zama a cikin tulun feshi in ruwan mai asid ne, don haka ƙara masa asid ƙara masa wurin zama ne. Ruwan amoniya mai rauni ake sa masa, ko wani nau'in sukari mai suna manitol. Azurfa kuma in ta haɗu da ɗan kuloraid kaɗan sai ta daskare ta kwanta a tiyo, in ya yi yawa sosai sai ta sake narkewa. Abin lura dai, wanda bai san halin sinadarin da yake kora ba zai ƙarar da ruwa da lokaci a banza.

Sinadaran man fetur da ke tashi a iska nasu tsarin daban ne. Ana busa iskar gas ta cikin samfurin na minti 11, ta kwashe su ta kai wani ɗan bututu mai tarko, sannan a gasa tarkon ya sake su cikin na'ura. Masu nauyi a cikinsu, irin su naftalin, ba sa fita duka a gashin farko. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, na 2011, ya sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Na'urar da ta sha irin wannan ruwa sai an gasa tarkonta an sake gasawa, an wanke mazubin, an ga bulank ya fito fes, kafin a amince mata da ruwan kowa.

Yaƙi da ragowa ya girmi duk waɗannan na'urori. A 1957 wani masanin sinadaran jiki a birnin Kilibland na Amurka, Leonard Skeggs, ya wallafa tsarin na'urar da ke auna samfura ɗaya bayan ɗaya a tiyo guda, kuma dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce kumfar iska. Yana tura kumfa a jere cikin tiyon, kowace ta raba ruwan gida-gida, tana tafe tana share bango. Kamfanin Technicon ya ƙera ta da sunan AutoAnalyzer, kuma har yau jikokinta ake auna naitiret da fosfet da su a ruwa. Mai irin wannan na'ura in ya ga ragowa, kumfar zai fara dubawa: in sun daina tafiya a tsare, sun farfashe ko sun haɗe, ya sami bakin zaren.

Ba duk dattin da bulank ya nuna ne daga samfurin baya ba, kamar yadda muka gani. Clair Patterson, wanda a 1956 ya fitar da shekarun duniya biliyan 4.55 ta hanyar auna dalma, ya sha fama da wata dalma da ke shigar masa aiki ta ko'ina, daga iska, ƙura, ruwa da kayan aiki, har sai da ya gina ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Daga nan ne ya bi sawunta har zuwa man fetur mai dalma. Mu da muke da hunturu, ƙura na shiga ta ƙasan ƙofa ta kwanta a kan komai, kwalbar da aka bari a buɗe a tire tun safe ba ta bukatar wata allura kafin ta gurɓace. Haka wanda ya wanke kwalaben fosfet da omo mai fosfet, ko aka goge daɓen ɗaki da sinadari mai amoniya ranar da ake auna amoniya.

Lokacin da ragowa ke wanke mai laifi

Zuwa nan duk maganar ruwa mai kyau ake yi da aka ɗora wa laifin wani. Akwai juyin wannan, kuma shi ya fi tsoratar da ni, don ba wanda ke kai ƙara in an ce masa ruwansa lafiya lau.

Kafin a fara aiki ana daidaita na'ura da ruwaye da aka san ƙarfinsu, da kuma bulank da zai zama sifili. Idan aka auna mafi ƙarfinsu sannan aka koma kan bulank ba a ɗauraye sosai ba, na'ura za ta ɗauki wannan ragowar a matsayin sifilinta, ta riƙa cire ta daga kowane samfur har yamma. Ragowar za ta wanke ta tafi, amma cirewar na nan. Rijiyar da ke da 12 sai ta fito da 8, ta tsallake iyaka. Alamar da ke tona wannan ita ce samfura masu tsabta su fara nuna adadin da ke ƙasa da sifili. Shi ya sa ake farawa da bulank, a hau daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, ba a sauko ba.

A fagen ƙwayoyin cuta abin ya fi fitowa fili. Ma'aikatan ruwa da ke zagaya ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira sun san akwatin DelAgua. Ana tace ruwa mililita 100 ta wata 'yar farar takarda mai ƙananan ramuka, a ɗora ta a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a rufe a zafin digiri 44, washegari a ƙirga ɗige-ɗigen rawaya da suka tsiro. Ruwan sha bai kamata ya nuna ko ɗaya ba. Tsakanin samfur da samfur sai an kashe abin da ke jikin mazurarin ƙarfen: a busar da kofin, a ɗiga masa methanol kaɗan, a kunna masa wuta, kafin ta mutu a kife mazurarin a ciki a toshe. Ƙonewar da ba ta sami isasshiyar iska ba takan haifar da hayaƙin fomaldihaid, shi ke yin aikin, kuma yana bukatar minti 15. Mutum na tsaye cikin rana, rijiyoyi na jiransa, direba na duba agogo, minti 15 ɗin nan yakan koma biyar. Sai ƙwayoyin rijiyar da ke kusa da masai su bayyana a farantin famfon makaranta. In kuma aka yi wa methanol ɗin yawa, ko ba a bar kayan sun sha iska ba, ragowar maganin na iya kashe ƙwayoyin samfur na gaba, faranti ya fito fes alhali ruwan na ɗauke da cuta. Haka kwalbar da aka wanke da bilic ba a ɗauraye ba. Ko a ƙaramin gwaji irin na awon gishirin ruwa akwai wannan tarko: sandar awon pH tana tsiyayar da ɗan ruwan gishiri daga cikinta, don haka in kofi ɗaya ne, gishiri ake fara aunawa kafin a tsoma ta.

To me ya sa abin da maganinsa ke da arha haka yake ta maimaituwa? Kuɗi ne da gaggawa. Na'urar ICP na shan argon wajen lita 15 zuwa 20 a kowane minti, ko samfur take aunawa ko ɗauraya take yi. Ƙarin minti ɗaya na wanki a samfura 100 ya zama minti 100 na gas, ga man janareta. Bulank kuma ba wanda ke biyan kuɗinsa. Saboda haka in aka matsu, su ake fara yankewa. Ina ganin wannan tsimi ne na asara, domin akwai hanyar rage kashe kuɗin ba tare da an taɓa su ba. A tantance samfura tun kafin su kusanci na'ura: launi, wari, awon gishiri na daƙiƙa kaɗan, da kuma inda aka ɗebo su. Wanda ake zargi a sirka shi da ruwa sau ɗari ko dubu kafin a saka shi. A jera masu tsabta a gaba, masu dauɗa a ƙarshe. In duk da haka wani ya ba da mamaki ya fito da ƙarfi a tsakiyar layi, a dubi na bayansa: in bai nuna komai ba, shi kansa ya zama shaidar cewa tiyo ya wanku, in kuwa ya nuna wannan sinadari ɗin dai, ba a rubuta adadinsa sai an sake zubawa an sake aunawa.

Wannan tantancewa ba ta yiwuwa in kwalba ta zo babu bayani, kuma nan ne mai kawo ruwa ke da nasa alhakin. Wasu kan ɓoye inda suka ɗebo ruwa, wai don kada mai gwaji ya yi son rai. Wanda ya kai ruwan kwatar masana'anta a gorar roba ba rubutu, ya cuci duk wanda kwalbarsa ta biyo tasa. Rubuta a jiki: rijiya ce, kududdufi ne, ko bakin bututun masana'anta.

In kuma takarda ta zo maka da adadin da zai sa a rufe rijiyar unguwa, ko wanda zai sa ka ci gaba da ba yara ruwan da kake shakka, kana da damar tambaya. Ɗakin gwajin da ke aiki bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025 wajibi ne ya ajiye bayanan aikinsa yadda za a iya bin sawun kowane sakamako. Ka tambayi wane irin samfur aka auna kafin naka, nawa ya nuna, kuma me bulank na ranar ya nuna. In sun buɗe littafi sun nuna maka, ka riƙe su. In suka ce ba sa ajiye irin wannan, ɗebi sabon ruwa ka kai wani wuri kafin ka yanke hukunci a kan rijiyar.